Tsakanin "Ban Gani Ba" da "Babu"

A Cadakori ba a gama gaisuwa ba a ambaci Allah ba. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya ruwa. Amsoshin duka wuri ɗaya suke komawa. Mai tafiya Maradi ya ce zai dawo gobe in Allah ya yarda. Wanda ake bi bashi ya ce sai Allah ya hore. Wanda aka cuta ya ce Allah ya isa. Wanda ya yi cutar ma da sunan yake rantsuwa. Ka zauna bakin kasuwa ka kasa kunne, za ka ji sunan nan ya fi na kuɗi yawo. Ba ka jin wanda ya tsai da mai magana ya ce ya kawo shaida tukuna.

Yanzu kam akwai masu faɗa. A fada suke faɗa, bayan isha'i, inda samari ke zagaye da butar shayi, kowa da salula a hannu. Maganar daga nesa take zuwa, cikin guntayen bidiyo, kuma ƙulli biyu ce. Na farko ya ce babu shaidar akwai Allah, saboda haka babu shi. Na biyu ya ce Littafi Mai Tsarki na Kirista yana da kurakurai, saboda haka ƙarya ne daga bango har bango. Abin lura shi ne yadda ake rabon kayan. Saurayi Musulmi yana tura na biyu da murna, ya nemi tsari daga na farko. Ɗan Kirista kuwa an raine shi a kan cewa biyun ba sa rabuwa, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya bi shi. Muƙabalar da Ahmed Deedat ya yi da Jimmy Swaggart a Amurka a 1986 ta bar kaset ta shiga WhatsApp. Masu tura ta yau, ba a haife su ba lokacin da aka yi ta.

Ni mai bi ne, maƙwabci, ka riga ka sani. Littafin da ake magana a kai shi ake buɗewa a gidanmu da safe. Abin ya shafe ni. Ina so in raba tambayoyin nan biyu, domin haɗa su yana yi wa yara ɓarna, naku da namu.

Littafin da ƙafa ya zo ƙasar nan. Mishan ta SIM ta sauka a Damagaram a 1924, ta kafa gida a Tibirin Gobir kafin 1930. Daga baya aka yi asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja a kudu da Maradi, da makarantar koyon Littafi a Agye. Cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ja ragamarsa. Turawan da suka kawo littafin nan yankin sun haɗo da wata aƙida a kansa, cewa babu kuskure ko ɗaya a ciki, ko a batun ceto, ko a tarihi, ko a lissafi. Kakanninmu suka karɓi littafin da aƙidar a rana ɗaya, ba su san ana iya raba su ba. Har yau mu ƙalilan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmin Nijar sun haura 99 cikin 100. Ƙalilan kuwa sukan riƙe abinsu da hannu biyu, har yatsu su sage.

Abin da ya fi buɗe mini batun shaida ma ta hannun wannan mishan ya zo, amma a gona ya faru.

Dattawa suna tuna yadda filayen Gidan Rumji da Agye da Gazawa suka koma bayan farin shekarun 1970. Fili fetal. Iska ta kwaso rairayi ta binne shuka, manomi ya sake, ta sake binnewa. Mata su wuni neman itace, a ƙarshe a hura wuta da kara da kashin shanu. Kowa ya duba ya ce itatuwa sun ƙare. Masanan da suka zo daga waje ma haka suka ce. Sai aka kafa wuraren renon dashe, aka yi ta raba 'ya'yan itatuwa a leda. Yawancinsu suka mutu. Wanda fari ya bari, gara ta ci, wanda gara ta bari, akuya ta ƙarasa.

A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana kai dashe ƙauye da mota. Ya tsaya ya rage iskar taya don ya ratsa rairayi. Shi da bakinsa ya ba da labari cewa ya gaji da aikin, har ya yi addu'a a wurin. Sai ya matsa kusa da ɗaya daga cikin 'yan tsiron nan da ke barbaje a kowace gona, ya dubi ganyen da kyau. Ganyen itace ne. Kututturen da aka sare shekaru da dama yana da rai, saiwarsa na can ƙasa. Kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone kafin shuka. Sabara da kalgo ba baƙi ba ne ga manomi. Abin da ba a saba ba shi ne a ƙyale su su tashi. Daga nan aka sami abin da muke kira sassabin zamani: ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ka datse saura, ka tsare su daga gatari da dabba.

Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci. Da rabo ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga itacen girki a bakin gona, ga harawar dabba, ga hatsi bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Ƙauyen Dan Saga cikin Agye ya yi suna a kan wannan. Bayan kamar shekara 20, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka jera hotunan sama na 1975 da sababbi, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin, shekarar da aka ba Yacouba Sawadogo, manomin Burkina.

Masu wa'azi suna son labarin nan. Sukan ce, ka ga, rashin gani ba ya nuna babu. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin shi ne akwai filayen da babu kome a ƙarƙashinsu. Inda ƙasa ta zama fako, ko saiwa ta mutu, ko garma ta tumɓuke ta, ka jira shekara goma ba abin da zai toho. Shi ya sa mutanen Adar ke haƙa tassa suna zuba taki suna shuka daga farko. Daga nesa filayen biyu kama ɗaya suke. Tono ne ke raba su. Wanda bai tona ba, ba shi da bakin cewa akwai, ba shi da bakin cewa babu. Wanda ya tona daidai wurin, ya kai zurfin da saiwa ke zama, bai sami kome ba, shi kam ya zo da labari. Hannunsa da ƙasa, daginsa ya dakushe.

To, littafinmu yana da wurare da yawa da ake iya tonawa. Ya ambaci garuruwa da sarakuna da yaƙe-yaƙe da yawan mutane. Irin waɗannan sukan bar sawu, kuma an fi shekara 150 ana bin sawun.

Wani lokaci an tono an samu. Littafin Daniyel ya ambaci Belshazzar a matsayin sarkin Babila na ƙarshe. Tsofaffin marubutan tarihi sun ce Nabonidus ne na ƙarshe, babu Belshazzar a jerinsu. Masu suka suka ce ƙirƙira ce. A 1854 aka tono rubutun yumɓu a kangon Ur, cikin Iraƙi ta yau, sai ga sunan. Ɗan Nabonidus ne, kuma rubuce-rubucen da aka karanta daga baya sun nuna shi ya riƙe gari lokacin da uban ya yi kusan shekara 10 a Taima, cikin ƙasar Larabawa. Haka Dawuda. An daɗe babu dutse ko ɗaya da ya ambace shi a wajen Littafi, har wasu masana suka fara cewa gwarzon tatsuniya ne. A 1993 aka sami guntun dutse a Tel Dan, rubutun wani sarkin Suriya na ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, yana fahariyar cin sarkin gidan Dawuda. Waɗanda suka yi saurin cewa babu sun ji kunya, kuma ya dace su ji. Amma ko a nan yumɓu bai ba mu duk abin da muke so ba. Daniyel ya kira Belshazzar ɗan Nebukadnezzar. Masu kare littafin sukan ce magaji ake nufi, yadda mu ma kan ce ɗan wane alhali jika ne ko tattaɓa kunne. Yumɓun dai Nabonidus ya rubuta.

Wani lokacin kuma an tona an rasa, kuma wannan ne ba a cika faɗa mana a majami'a ba. Kowane yaron da ya shiga makarantar Lahadi ya san ganuwar Yariko da ta zube a gaban Yoshuwa. John Garstang ya tona wurin daga 1930 zuwa 1936, ya sami rusasshiyar ganuwa da toka, ya ce ga ta nan. Labari ya zaga duniya. Kathleen Kenyon ta koma daga 1952 zuwa 1958 da tsarin tono mafi tsanaki, ta ce an ƙone garin wajen 1550 kafin haihuwar Almasihu, wato tun kafin zamanin da ake sa Yoshuwa, kuma a nasa zamanin babu gari mai ganuwa a wurin. Akwai masu ja da ita har yau. Sai dai a 1995 an auna shekarun ƙonannen hatsin da aka samu a tokar, awon ya faɗa gefen Kenyon. Tuluna ne cike da ƙwaya, wuta ta gasa ta ta adana ta.

Batun fitowa daga Masar ya fi wannan girma. Littafin ya ba da adadin maza 600,000, ban da mata da yara. In ka haɗa iyali za ka doshi miliyan 2, ninki biyu na mutanen Yamai a ƙidayar 2012, suna yawo shekara 40 a hamada da dabbobinsu. An bincike Sina'i sosai tsakanin 1967 da 1982. An sami zangon makiyaya ƙanana na zamunnan da suka fi wannan tsufa. A Kadesh, inda aka ce jama'ar ta daɗe, Rudolph Cohen ya tona daga 1976 zuwa 1982, abin da ya samu na ƙarnukan da suka biyo baya ne. Wannan shirun bai hana a ce wata 'yar ƙungiya ta gudo daga Masar ba, don ƙaramin ayari yakan wuce ba sawu. Dutsen Fir'auna Mernefta da aka gano a 1896 ma ya ambaci wata al'umma mai suna Isra'ila wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu. Amma shirun yana da nauyi a kan adadin. Mutum miliyan 2 sukan fasa tukwane, su binne matattu.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar dagi. Fitila kawai yake so. A 2 Sarakuna babi na 8, Ahaziya yana da shekara 22 ya hau sarauta. A 2 Tarihi babi na 22, rubutun Ibrananci ya ce 42. Ubansa Yehoram ya hau yana da 32, ya yi 8, ya rasu yana da 40. Ɗa ba ya girme ubansa da shekara 2. Hannun mai kwafi ne ya zame, kuma fassarori da yawa na zamani sun maida shi 22 bisa wasu tsofaffin kwafe. Ƙidayar sojojin Dawuda ta zo da adadi ɗaya a 2 Sama'ila, wani dabam a 1 Tarihi. Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Hirudus, wanda ya mutu shekara 4 kafin farkon lissafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyus, wadda marubucin Yahudawa Yusufus ya sa a shekara ta 6 bayan farkon lissafin. Ayoyi 12 na ƙarshen Bisharar Markus babu su a manyan kwafe biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. Duk wannan ba Deedat ya gano ba. Malaman Kirista ne suka tattara shi, suka buga shi a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe.

Masu aƙidar rashin kuskure sun san da haka. A 1978 fiye da 200 daga manyansu suka taru a Cikago suka rubuta matsaya. A ciki suka ce rashin kuskuren ya shafi rubutun asali ne, wanda ya fito daga hannun Musa ko Markus ko Bulus. Sun faɗi gaskiya da suka yarda kwafi na iya zamewa. Sai dai rubutun asalin nan babu ko shafi ɗaya da ya rage. Na Sabon Alkawari akwai kwafen Girkanci sama da 5,000, mafi tsufansu guntaye ne na ƙarni na 2. Ka ga abin da ya faru. Faston da ke yi wa mai shakka faɗa don ya gina "babu Allah" a kan abin da bai gani ba, shi ma ya gina "babu kuskure" a kan takardar da ba wanda ya gani. Yana da dama ya gaskata haka. Imani ne. Amma ya kira shi da sunansa, kada ya ce an tabbatar.

Kuma ba duk Kirista ke riƙe littafin haka ba. Origen na Iskandariya, tun ƙarni na 3, ya nuna wuraren da bisharu suka saɓa, bai bar bangaskiya ba. Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya yarda littafin ba ya kuskure, amma ya gargaɗi Kirista kada su riƙa faɗin shirme a kan sama da ƙasa da sunan Littafi a gaban waɗanda suka fi su sani. Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 ta jingina rashin kuskuren ga gaskiyar da aka rubuta domin ceto. A cikin Maradi ɗaya, ranar Lahadi ɗaya, akwai majami'u masu karanta aya ɗaya da wannan bambancin a zuci. Ku ma, malam, kun san irin aikin nan a fagen hadisi. Ana bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, a ce wannan ingantacce, wannan mai rauni. Ba wanda ya ce Buhari ya rasa imani don ya tace.

Saboda haka tambaya ta biyu ba ta rashin shaida ba ce. Shaida tana nan, wata ta goyi bayan littafin, wata ta ja da shi. Sai batun Allah, inda dagi ba shi da wurin farawa.

Mai shakka yana da magana mai nauyi, kuma bai dace a yi kamar ba shi da ita ba. A gaban hakimi ko alƙali, wanda ya ce gonar tasa ce shi ke kawo shaidu. Bertrand Russell, masanin falsafa na Ingila, ya kawo misali a 1952. Da wani zai ce akwai 'yar butar shayi tana kewaya rana tsakanin duniya da Mirrihi, ƙanƙanuwa yadda madubin hangen taurari ba zai kama ta ba, ba mai iya ƙaryata shi, kuma ba mai hankalin da zai yarda. A nan ya yi daidai. Cewa ba ka iya ƙaryata ni ba hujja ba ce. Da hujja ce, da ta tabbatar da dodon kowace rijiya da iskar kowace tsamiya.

Amma buta abu ce. Tana da nauyi, tana da wurin zama, madubin da ya fi ƙarfi zai iya kama ta wata rana. Musulmi da Kirista ba irin wannan suke nufi da Allah ba. Suna nufin wanda ya sa akwai wuri da nauyi tun farko. Mai neman sa da madubi ya ɗauko kayan aikin da ba na wannan aiki ba, in ya dawo hannu banza bai zo da labari ba. Dalilan masu imani wani iri ne dabam. Ummul Barahina ta Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ta daɗe a zaurukan ƙasar Hausa. Tafiyarta ita ce, duk abin da ke canzawa fararre ne, fararre kuwa yana bukatar mai farar da shi. Mu ma muna da irin wannan a littattafanmu. Ni yana gamsar da ni. Na kuma san akwai masu ilmi da gaskiya da suka auna shi bai gamsar da su ba. Sukan ce, in dole wani abu ya tsaya da kansa, me ya hana duniyar ce? An fi shekara dubu ana wannan ja, ba a naɗe tabarmar ba.

Amsar nan tana yanka mu ma. In mun ce Allah ba ya hawa ma'auni, kada mu juya mu riƙa auna shi da ruwan sama. Damina ta tsaya a watan Yuli, hatsi ya fara naɗe ganye, ku fita filin idi, mu taru a majami'a. In an yi ruwa, mu ce an amsa. In ba a yi ba, mu ce zunubanmu ne. Lissafin da kowane sakamako ke ba shi gaskiya ba ya zama shaida. Ina fita roƙon, kuma zan ci gaba da fita. Sunansa dogara. In aka miƙa wa yaro shi da sunan hujja, ranar da ya gane zai ji an yi masa algus.

Abin da ke girgiza mutum ma ba shirun madubi ba ne. Wanda ya ga wuraren jinyar tamowa a Maradi a 2005 ya san abin da nake nufi. Tun 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke tsallakowa saboda 'yan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da nan Cadakori. Su suka fi kowa haƙƙin tambayar ina Allah yake a daren da aka ƙone rumbuna. Su kuma za ka ji sun fi ambatonsa. Ban ɗauki wannan hujja ga kowane gefe ba. Wahala ɗaya takan shigar da wani masallaci ta fitar da wani. Matar da ta tsallako da goyo da tabarma ɗaya, ba a gabanta ake baje wannan muhawara ba.

A ganina rashin shaida yana ba mutum damar ya ce ban sani ba. Yana ba shi damar ya ce ban gamsu ba, kuma mai faɗin haka da gaskiya ba wawa ba ne, ba mugu ba ne. "Babu" kuwa da'awa ce, mai ita ma sai ya kawo nasa shaidun. Da yawa cikin masu cewa babu a bidiyo, in ka bi maganarsu a hankali, ban gamsu ba suke nufi. Ƙarfin murya ne ya ƙara sauran.

Tambayar ta taɓa zuwa ƙasar Gobir ta ɗaya ƙofar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya tarar da wasu ɗaliban ilmin tauhidi suna tare talakawa suna yi musu jarrabawa. Wanda ya kasa jero dalilan samuwar Allah yadda suke a littafi, sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana rushe wannan ra'ayi. Bai hana neman dalili ba, shi kansa malamin fannin ne. Ya dai ƙi a mai da dalili sanda. Waɗancan sun kori mai imani don ba shi da hujja. Mu muna korar mai tambaya don ya nemi hujja. Mubarak Bala, ɗan Kano da ya bayyana cewa bai yarda da addini ba, an kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubutunsa a Facebook. Kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024. Kalamansa sun ɓata ran mutane da yawa, ni ma ban yarda da su ba. Amma hukuncin bai amsa tambaya ko ɗaya ba. Ya dai koya wa sauran masu tambayar su rage murya, su sa wa salula makulli.

Mu masu littafin, namu aikin ya fi kusa. Yaron da aka ce masa babu kuskure ko na lamba ɗaya, kuma imaninsa duka a kan wannan ya tsaya, an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Wata rana wani zai nuna masa 42 da 22. Zai koma wurin babba, babba ya ce Shaiɗan ne ke raɗa masa. Daga nan ba lambar zai zarga ba, mu zai zarga, sannan ya zargi Allah. Na fi so ya ji daga bakin fastonsa yana ɗan shekara goma sha biyu. A nuna masa yadda aka kwafi littafin da hannu ƙarni bayan ƙarni, inda aka zame, da yadda aka gano zamewar. A gaya masa abin da aka samu a Tel Dan, a gaya masa abin da aka rasa a Yariko. In ya tambayi abin da ya fi ƙarfin malami, malami ya ce wannan ya fi ƙarfina, mu je mu tambayi wani. Darasin farko ba zai ci awa ɗaya ba. Babi na 8 da babi na 22, allo, da guntun alli don a cire 40 daga 42.